Yadda ake tsallake zagaye 100 na farko a Civilization VI ba tare da daularka ta tsuke ba

Wani dare bayan isha'i, muna zaune a fadarmu ta unguwar Zariya, shayi na biyu na kan gawayi, sai ga ɗan yayata ya shigo rungume da kwamfuta. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, wasan nan fa cuta gare shi. Ina zagaye na 140, na gina dalar Masar, ba wanda na tsokana, amma kowa ya wuce ni." Na karɓa na duba. Biranensa 3. Maƙwabcinsa na gabas yana da 11. Na ce masa ba wanda ya cuce ka, zama ka yi kana yi wa gari ɗaya kwalliya alhali mutane suna can suna rabon ƙasa.

Duk tambayoyin da sababbin ƴan wasa ke kawo mini, in ka bi diddiginsu, nan suke komawa. Me ya sa kimiyyata ba ta motsi, me ya sa ba ni da kuɗi, me ya sa aka cinye ni da yaƙi? Yawancin amsar ita ce birane sun yi kaɗan, kuma waɗanda ke akwai an dasa su inda bai dace ba. Don haka wannan bayani na zagaye 100 na farko ne. Abin da ya biyo bayansu girbin abin da ka shuka ne kawai.

Ga wanda bai san wasan ba: Sid Meier ne ya fito da na farko a 1991, na shida kuma kamfanin Firaxis ya sake shi a Oktoban 2016. An yi masa manyan ƙari biyu, Rise and Fall a 2018 da Gathering Storm a 2019, kuma da dokokin na ƙarshen nake magana. Wasa ne na bi-da-bi kamar dara: ka motsa naka, ka danna, sauran su motsa nasu. Kana farawa daga shekara 4000 kafin miladiyya, a gudu na daidai kuma wasan yana ƙarewa a 2050 bayan zagaye 500. Na bakwai ya fito a Fabrairun 2025, har da Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa, sai dai dokokinsa daban ne kuma ya fi ƙarfin yawancin injinan da muke da su.

Wasan ba shi da Hausa. A nan wasu da Faransanci suke buga shi, wasu da Ingilishi, shi ya sa zan yi amfani da sunayen da muka laƙaba a fada. Kowane fili mai kusurwa shida a taswira gurbi muke ce masa, kamar na dara. Mai tuta shi ne mai kafa gari. Mai guduma magini. Wanda ke yawo da kare ɗan leƙen asiri. Gine-ginen da ake dasawa a wajen tsakiyar birni, kowanne da launinsa, unguwanni.

Mataki na 1: Saita wasan daidai da kanka da injinka

Matakan wuya 8 ne. Ka fara da na huɗu, Yarima, domin a nan ne ba a ba ka komai kyauta ba, ba a kuma ba kwamfuta ba. Ƙasa da shi za ka koyi lalaci, sama da shi kuma za a yi maka dukan da ba za ka gane dalilinsa ba.

Taswira ka ɗauki ƙarama mai dauloli 6, ko ta 4 in kwamfutar ta tsufa. Mafi ƙarancin abin da wasan ke nema RAM giga 4 ne, amma da haka babbar taswira mai dauloli 12 za ta mai da kowane zagaye jiran mota a tasha. In injin na huci, musamman a zafin Afrilu, akwai maɓalli kusa da ƙaramar taswira da ke mai da hoton zane mai sauƙi. Ka ɗora kwamfutar kan abu mai tauri, kada kan katifa. Mai waya kuma, akwai wasan a Android tun 2020 da zagaye 60 na gwaji kyauta, amma yana cin wuri da caji. In wayar ba za ta ɗauka ba, Unciv kyauta ne kuma ba nauyi, sai dai dokokin na biyar yake bi.

Shugaba kuwa, ka fara da Trajan na Rum. Duk garin da ya kafa yana zuwa da hasumiyar tunawa kyauta, wadda ke kawo al'ada, kuma hanya na shimfiɗa kanta zuwa babban birni in bai yi nisa ba. Na san zuciyarka na wajen Mansa Musa. Ka dakata, zan zo kansa.

Mataki na 2: Inda za ka kafa garin farko

Nan ne wurin da ya kamata ka ajiye kofin shayi ka duba da kyau. A kwamfuta danna Y, sai amfanin kowane gurbi ya bayyana: koren masara abinci ne, mai ruwan lemo ƙarfin aiki, rawaya zinariya. Da ka zaɓi mai kafa gari kuma taswira za ta canza launi. Kore mai duhu akwai ruwan sha, kore mai haske bakin teku ne, toka-toka ba ruwa, ja kuma ba a kafawa.

Ruwa shi ne farko. Garin da ke bakin kogi, tafki ko dausayi yana farawa da masaukin mutum 5. Na bakin teku 3. Wanda ba ruwa 2 tak. Muhimmancin wannan shi ne, da jama'ar gari sun rage saura ɗaya su cika masauki, girmansa yana raguwa da rabi. In sun cika, ya ragu da kashi 75 cikin 100. Sau da yawa mutum zai ce garinsa ya ƙi girma alhali ga abinci jibge. Masauki ne ya ƙare. Rumbu yana ƙara 2, gonaki da makiyaya suna ƙara rabi-rabi, daga baya magudanar ruwa ta zo ta taimaka, amma duk wannan gyaran abin da da ka samu kyauta ne tun ranar farko.

Na biyu tudu. In ka samu tudu a busasshen fili mai launin ƙasa-ƙasa, ka hau kansa, don tsakiyar garin zai ba da ƙarfin aiki 2 maimakon 1. Ɗaya ɗin nan kamar ba komai ba ne, amma a lokacin da duk abin da garin ke samu bai wuce 4 ko 5 ba, kwanaki ne yake rage maka a kan kowane gini. Ga kuma tsaro: mai kare tudu yana da ƙarin ƙarfi.

Na uku ka ƙirga gurabe biyu na kewaye. Gari yana iya noma har gurbi 3 daga tsakiya, amma zobe na uku sai an daɗe kafin iyaka ta kai. Kana son aƙalla gurabe biyu ko uku masu abinci 2 da aiki 2 a kusa. Kowane mutum ɗaya yana cin abinci 2 a zagaye, saboda haka gurbi mai abinci 2 ya riƙe mai nomansa ke nan.

Sai maganar fadama. A Gathering Storm koguna suna ambaliya, su rushe gonaki da unguwanni, wani lokaci har da rai, amma su bar ƙasa da ƙarin albarka. Mu ƴan Maradi ba sai an fassara mana wannan ba. A kwarin Gulbi tsohon gari yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu, kuma har gobe a can ƙasan ake lambu. Haka za ka yi a wasan: noma a fadama, manyan gine-gine a sama, har ka kai ga gina madatsar ruwa.

Shin laifi ne ka matsa daga inda aka ajiye ka? A'a. Tafiyar zagaye ɗaya ko biyu don samun kogi da tudu ta biya kanta. Fiye da uku yawon banza ne.

Mataki na 3: Abin da za ka fara ginawa, da maganar mahara

Tsarin da nake bi: ɗan leƙen asiri, sai mai majajjawa, sai mai kafa gari da zarar jama'a sun kai 2, sai magini ko wani mai majajjawa gwargwadon yadda daji yake, sai mai kafa gari na biyu.

Ɗan leƙen asiri ƙarfin aiki 30 ne kawai, kuma ba abin da ya kai shi riba a farkon wasa. Shi ke shiga ƙauyukan daji ya kwaso kyauta, shi ke gano maƙwabta, shi ke samo ƙananan garuruwa masu cin gashin kansu. Duk wanda ka riga kowa isa wurinsa, kana samun manzo ɗaya a can kyauta. In manzanninka sun kai 3 kuma ka fi kowa yawa, garin ya zama na hannunka, kayansa da baiwarsa duk naka.

Mahara su ne ke sa sabon ɗan wasa ya rufe kwamfuta da fushi, alhali suna da ƙa'ida. Sansaninsu yana turo ɗan leƙen asiri. In ya hango garinka, alamar motsin rai za ta fito a kansa, sai ya juya gida da gudu. In ya isa, runduna ce za ta biyo baya, in kuma akwai dawaki kusa da sansanin, mahaya ne za su zo. Ka kashe shi ko ka tare masa hanya kafin ya kai labari. Kada jaruminka na farko ya yi nisan da ba zai iya dawowa ba. Ya zaga gari cikin gurabe 5 ko 6, ya gano sansanin da ke kusa. Mai mashi ne ke gadin sansani, kuma jarumi mai kulki yana da galaba a kansa. Ka buga, in jini ya yi ƙasa ka tsaya ka warke, ka sake bugawa. Gaggawa ce ke kashe jarumi.

Kuma kada ka taɓa sakin mai kafa gari shi kaɗai. Ba ya faɗa, kama shi ake yi kamar akuya. Akwai maɓallin da ke ɗaure shi da soja su yi tafiya tare. Ni kaina na taɓa cewa gurabe huɗu ne kawai, me zai faru? Aikin zagaye goma sha wani abu ya tafi a gurbi na uku.

Mataki na 4: Kimiyya, al'ada da katunan manufa

Kusan kowane bincike yana da wani ɗan aiki da in ka yi shi za a yafe maka kashi 40 cikin 100 na kuɗinsa. A rubuce yake ƙarƙashin sunan binciken, mutane ne ba sa karantawa. Ka haɗu da wata daula, rubutu ya yi sauƙi. Ka kashe wani da majajjawa, harbin baka ya yi sauƙi. Wannan ne dalilin gina mai majajjawa da wuri. Ka kashe mahara 3, aikin tagulla. Ka yi makiyaya, hawan doki. Ka tura fatake, binciken kuɗi. A ɓangaren al'ada, gyara gurabe 3 yana sauƙaƙa sana'ar hannu, jama'a 6 a daula suna sauƙaƙa daular farko, haɗuwa da ƙananan garuruwa 3 kuma falsafar siyasa.

Dabarar ita ce, in ka san rangwamen na tafe, kada ka biya cikakken kuɗi. Ka yi binciken har ya kusa kashi 60, ka koma wani, in aikin ya cika sai ya kammala kansa.

Farkon bincike ya danganta da abin da ke gabanka. Akwai shanu ko tumaki, kiwo. Akwai tuddai da dazuzzuka, haƙar ma'adinai. Daga nan tukwane, rubutu, harbin baka.

Da ka gama kundin dokoki za a ba ka gurbin kati biyu, wato wurin saka katunan manufa masu ba daula wani ƙari. A na soja ka sa mai ƙarin ƙarfi 5 kan mahara. A na tattalin arziki ka sa mai ƙara aiki 1 a kowane gari, ko mai ba da imani 1 da zinariya 1 in kana son hanyar addini. Abin da ake mantawa shi ne, duk lokacin da ka kammala wani binciken al'ada, canza kati kyauta ne. Za ka gina sojoji, sa Agoge mai ƙarin kashi 50. Za ka gina magina, sa Ilkum mai kashi 30. Za ka fitar da masu kafa gari, sa katinsu mai kashi 50 da ke zuwa da daular farko. Kati ya bi aikin da ke hannu. Ɗan yayan nan nawa na tarar da shi a zagaye na 140 da katin mahara, alhali rabonsa da ganin mahari tun zamanin tagulla.

Ka nufi falsafar siyasa kai tsaye, don ita ke buɗe gwamnatoci uku masu gurbin kati 4.

Mataki na 5: Rabon ƙasa

Wannan shi ne wasan. Mai kafa gari na farko ƙarfin aiki 80 ne, kowane na gaba ya fi tsada, kuma yana rage wa garin da ya fito mutum ɗaya. Wannan ragin ne ke tsorata mutane. Kada ya tsorata ka. Mutum ɗaya yana dawowa cikin ƴan zagaye, ƙasar da maƙwabci ya riga ka kuwa sai da yaƙi.

Ma'aunin da nake ba masu koyo, a gudu na daidai: birane 3 kafin zagaye na 50, 6 kafin na 80, 8 zuwa 10 wajen na 100 zuwa 120. Ba doka ba ce, amma in ka ga kana ƙasa da rabin wannan, to ga ciwon nan.

Tsakanin gari da gari dole a bar gurabe 3. Kada ka ce sai ka ba kowanne fili mai faɗi. A wannan wasa matsatsi alheri ne, don unguwanni suna ƙarfafa juna kuma tsaro ya fi sauƙi. Ka fara da wuraren da ke tsakaninka da maƙwabci, ka rufe mashigai, na bayan gida su jira.

Sai dai akwai biyayya. Kowane gari yana jin matsin jama'ar da ke kewaye da shi har gurabe 9. In ka dasa ƙauye mai mutum ɗaya a gindin babban birnin wani, kullum biyayyarsa raguwa take, in ta kai sifili ya ɓalle, daga baya ya koma wajen maƙwabcin. Kafin ka kafa, lambobin da ke kan taswira masu alamar ragi suna gaya maka yawan matsin. In kaɗan ne, gwamna yana ƙara 8, hasumiyar tunawa ma tana taimakawa. In ya yi yawa, haƙura.

Tunda an ambaci gwamnoni: biyu ne suka fi amfani da wuri. Pingala yana ƙara wa garinsa kimiyya da al'ada da kashi 15. Magnus yana ƙara kashi 50 kan abin da ake samu daga saran daji, kuma ƙarin girmansa na gaba yana sa mai kafa gari ya fita ba tare da rage kowa ba. Ka haɗa Magnus da katin kashi 50, ka gina dandalin gwamnati da zauren kakanni a cikinsa, wanda ke ƙara wani kashi 50 kuma ya ba kowane sabon gari magini kyauta. A nan ne za ka ga masu tuta suna fita ɗaya bayan ɗaya kamar motocin Katsina ranar kasuwa.

Magini aiki 3 yake yi ya ɓace. Ka gyara guraben da mutane ke nomawa a yanzu, kada wanda ba mai taɓa shi. In kana da shirin fitar da magina da yawa, ka jira katin da ke ƙara musu aiki 2, wanda ke zuwa da tsarin mulkin gargajiya na masu gonaki. Gonaki 6 ne rangwamensa.

Mataki na 6: Unguwanni, tun ran gini ran zane

Gari mai mutum 1 unguwa ɗaya yake iya ɗauka, a mutum 4 ta biyu, a 7 ta uku, haka da uku-uku. Ba a tayar da unguwa in an dasa ta. Saboda haka tun ranar kafa gari ka ɗauki ƙusoshin taswira ka yi alama: nan makaranta, nan kasuwa.

Kowace tana da abin da take so a gefenta. Unguwar ilimi, mai shuɗi, tana samun kimiyya 1 daga kowane tsauni da ke manne da ita, da rabi daga kowane kurmi. Unguwar kasuwa, mai rawaya, tana samun zinariya 2 daga kogi, wasu 2 daga tashar jiragen ruwa. Unguwar masana'antu tana samun 2 daga magudanar ruwa, 2 daga madatsa. Dandalin gwamnati yana ƙara wa duk wadda ta jingina da shi 1, kuma kowace unguwa biyu da ke maƙwabtaka suna ba da 1. Lungun da tsaunuka uku suka kewaye, ko da ba ya fitar da komai, ya fi gonar alkama daraja. Unguwar ilimin farko da ta kai 3 ma tana kawo makin zamani, wanda in ya taru yake kai daularka ga zamanin bunƙasa, wato zamanin zinariya.

Abu biyu da ba a faɗa wa sabo. Kuɗin unguwa yana hawa yayin da bincikenka ke ci gaba, amma da ka dasa ta farashin ya tsaya cak, ko da ba ka ci gaba da ginin ba. To ka dasa da wuri, ka koma kan abin da kake yi. Na biyu, in akwai daji a gurbin, magini ya sare shi tukuna ka ci amfanin itacen. In ka dasa a kansa, ya tafi a banza.

A ganina kowane gari ya samu unguwar kasuwa ko tashar ruwa, sannan unguwar da ta dace da nasarar da kake nema. Barikin soja ɗaya ko biyu sun isa.

Mataki na 7: Kuɗi da jin daɗin jama'a

Ɗan Maradi ba a koya masa fatauci, amma a wasan nan na ga alhazai suna zaune kan zinariya 900 suna kallo. Kuɗin da ke ajiye ba ya haihuwa. Farashin saye ninki 4 ne na ƙarfin aiki: magini na farko 200, hasumiya 240, mai kafa gari na farko 320. Ka bar ɗan abin ɗaga darajar sojoji, sauran ka kashe.

Kowace kasuwa ko fitilar teku da ka gina a sabon gari tana ƙara maka ayari ɗaya. A farko ka tura fatake tsakanin biranenka, daga sabon gari zuwa babban birni, don suna kawo abinci da aiki kuma su ne ke shimfiɗa hanya. Daga baya su fita waje neman zinariya.

Kayan marmari, irin su gishiri, auduga, turare da hauren giwa, kowane iri yana faranta wa birane 4. Na biyu daga iri ɗaya ba ya ƙara komai, sai ka sayar wa maƙwabci. Cinikin zagaye 30 ne. Ka riƙa zagayawa kana tambayar farashi, don ba ɗaya suke biya ba. Dawaki da ƙarfen da ba ka buƙata ma kuɗi ne, amma kada ka sayar wa wanda ke bakin iyakarka.

Mataki na 8: Kada a ci ka da yaƙi

Kwamfuta tana duba ƙarfin sojanka, in ta ga bango ya tsage za ta shigo. Maharba baka 3 ko 4 da jarumi 2 sun isa su riƙe ka a matakin Yarima. Masu majajjawar nan ka ɗaga su da zinariya su zama maharba. Garin iyaka ka yi masa ganuwa, ita ke ba shi ikon harbi da kansa. Ka tsaya a tudu ko daji, kogi a gabanka.

Ranar da ka haɗu da shugaba ka tura masa wakilai, kuɗin kaɗan ne. In fuskarsa ta saki, nemi ƙawance. Zagaye 30 ba zai iya kai maka hari ba. In kai ne za ka kai, ka la'ance shi a fili ka jira zagaye 5, ƙorafin duniya zai fi sauƙi a kan na ba-zata. Ka kewaye garin don kada ya riƙa warkewa, maharba su rage shi, mai takobi ko mahayi ya shiga, don mai baka ba ya kama gari. In akwai ganuwa kuma ba ka da gungumen fasa ƙofa ko majajjawar duwatsu, koma gida.

Tambayoyin da ba sa ƙarewa a fada

"Yaya, abubuwan al'ajabi fa?" Ɗaya ko biyu, waɗanda suka dace da ƙasarka. Dalar Masar tana da kyau don tana ƙara wa kowane magini aiki 1, amma sai da hamada. Ka auna kowanne da masu kafa gari nawa kuɗinsa zai fitar. In wani ya riga ka gamawa, wani kaso kawai ake mayar maka.

"Dole ne sai na shiga harkar addinin wasan?" A'a. Akwai abokanmu da ba sa son wannan ɓangare sam, kuma suna cin wasa lafiya lau. A wajen saiti ma ana iya kashe nasarar addini gaba ɗaya. Hanyoyin nasara 6 ne: kimiyya, al'ada, mamaya, addini, diflomasiyya mai maki 20, da yawan maki a ƙarshe. Mai koyo ya bi kimiyya, ita ce miƙaƙƙiya: unguwar ilimi ko'ina, masana'antu, filin harba roka, tauraron ɗan'adam, wata, Mars, sai tafiya ta ƙarshe.

"To Mali fa?" Ga ta. Mansa Musa, mai hajjin 1324, yana zuwa ne da Gathering Storm, kuma an gina shi a kan dukiya. Gine-gine da sojoji suna zuwa masa da ragin kashi 30 na ƙarfin aiki, ramin ma'adinai yana rasa aiki 1 amma ya ba da zinariya 4. Tsakiyar garinsa yana samun abinci 1 da imani 1 daga kowane gurbin hamada da ke manne da shi, wato inda kowa ke gudu nan ne gidansa. Kasuwarsa, Suguba, tana rage kashi 20 kan duk abin da ka saya a garin, kuma tana ƙaruwa in ta jingina da kogi ko unguwar ibada. Da Mali ba a gini, saye ake yi. Zagaye 60 na farko wahala ce zalla, komai na tafiyar hawainiya, mahara na ƙwanƙwasa ƙofa. In ka tsallake, ka samu abubuwan al'ajabi biyu, Petra a garin hamada da Jami'ar Sankore, sai ka riƙa sayen jami'a sukutum a zagaye ɗaya. Wasa na uku ko na huɗu ya dace da shi.

"In kuran ya ɗauke fa?" Wasan yana ajiye kansa kowane zagaye, ka duba cikin jerin ajiyar kai-da-kai. Duk da haka ni ina ajiyewa da hannu a zagaye na 1, don in na lalata wasa in koma taswira ɗaya in gwada wata hanya. Ba abin da ya koya mini kamar wannan. Kuma in ku biyu ne ko uku da kwamfuta ɗaya, akwai tsarin karɓa-karɓa da ba ya buƙatar intanet, kowa ya buga nasa ya miƙa. Sharaɗinmu a fada shi ne wanda ba layinsa ba ya juya baya, shi ke fifita gawayi.

Ɗan yayan nawa ya dawo bayan sati da sabon wasa, Rum, zagaye na 100, birane 8. Na tara ya dasa shi gurabe huɗu daga babban birnin Masar, lambar ja tana kallonsa yana kallonta. Ya ce, "Kawu, akwai dawaki a wurin." Muna zaune garin ya ɓalle.